Sawun Dungu a Lungun Cobb

Da safiyar Talata aka tsinci gawar Gwaggo Dorcas, mai gasasshen dankali, a ƙasan matakalar ɗakin ajiya da ke bayan gidanta. Matar Noakes mai wanki ce ta gan ta, da ta leƙa ta kan katanga don ta ji dalilin da hayaƙi bai tashi ba. Tana kwance a karkace, ƙugu a karye, dusar ƙanƙara ta rufe mata gashi. Likitan da aka kira ya ce ba faɗuwar ce ta kashe ta ba, sanyi ne. Ta daɗe da rai a wurin.

Kafin in gama buɗe shagona, duk Lungun Cobb ya san wanda ya yi. Dungu ne.

Taba da jaridu nake sayarwa, amma abin da ke ci da ni shi ne labaran kwabo-kwabo masu fita duk Asabar, 'yan shafuka da hoto ɗaya a gaba. Wanda ya fi tafiya a wajenmu shi ne Dungun Makabarta, labarin wani da aka rataye aka sare masa hannu, yake tasowa daga kabari yana bin gida-gida neman hannunsa. A maɗaba'ar da ke bayan lungunmu ake buga shi. Kasuwarsa ta fara sanyi, har ana raɗe-raɗin za a datse shi, sai ga wani ya fara fitowa da magariba cikin doguwar baƙar kwat, fuska fari fat da alli, hannun riga ɗaya yana reto. Ya tsaya a bakin lungu, mata su kwarma ihu, ya ɓace. Mutane suka yi ta dariya, takarda kuwa ta koma ƙarewa kafin rana ta yi tsaka. Ni ma na yi dariya. Har ƙari na nema a kawo mini.

Safiyar nan babu mai dariya. Jama'a suka cika ƙofar shago, Matar Noakes a gaba, hannu a ƙugu.

"Da idona na gan shi jiya da magariba a kan katangar Dorcas," in ji ta. "Na ɗauka shirmen da aka saba ne, na ci gaba da guga. Kai kake sayar musu da gubar nan, Jabez."

"Ke ma ai kina saya."

"Ni ta kunna murhu nake saya. Ina ɗanka? Ba shi ne yake kwaikwayon muryar Dungu a bakin famfo ba, har yara suna fitsari a wando?"

Na ce Reuben ya tafi aiki. Na ja ƙofa na sa sakata.

Reuben shi kaɗai Allah ya bar mini bayan rasuwar uwarsa. Ya kusa shekara goma sha takwas, yana sauke kwal a bakin kogi. Na hana shi karanta abin da nake sayar wa 'ya'yan mutane, ya ce to. Jiyan kuwa sai da duhu ya shiga sosai ya dawo, na tambaye shi ina ya tsaya, ya ce wurin aiki, ya ci abincinsa da sanyi ya hau sama.

Na hau ɗakinsa. A ƙarƙashin katifa na tarar da Dungu tun daga fita ta farko, a jere, an karanta su har sun yi laushi. A gefen murhu ga takalman aikinsa, sun jiƙe sharkaf har ya bar su ya fita da na zuwa coci. Wani farin abu ya manne a bakinsu da tafinsu. Na shafa da yatsa, na duba, na ce a raina alli ne.

Ban zauna na yi tunani ba. Takardun na cusa su a murhu. Takalman na sa a buhu da rabin bulo, na bi ta baya zuwa matakalar kogi, na cilla.

*

Da na dawo na sami Sajan Rudd a ƙofar shago tare da wani ɗan siririn tsoho mai hular gashin zomo. Na san shi da gani. Enoch Gadsby, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana gadin dajin wani attajiri a ƙauye yana bin sawun ɓarayin farauta, yanzu kuma yana nemo wa mutanen birni karnuka da dawakan da aka sace. Sajan yakan kira shi in ƙasa ce za ta ba da shaida.

"Mista Cottrell, ka san mutanen lungun nan, ni ƙasa kawai na sani," in ji Gadsby. "Raka ni."

Gaban gidan Dorcas 'yan kallo sun tattake shi ya zama taɓo. Bai ko duba ba. Ya zagaya baya, ya durƙusa, ya yi ta rarrafe kamar mai neman allura. Sawun da ke wurin ba su da dunduniya, ba su da ƙusa, dunƙulallu ne kawai.

"Buhu ya naɗe a ƙafa," ya ce. "Don ya yi tafiyar fatalwa, ba ƙara. Nan ya tsaya a bayanta. Nan ta juyo. Nan ta ja da baya, ba ta tuna matakala ba." Ya matsa gaba kaɗan, ya daɗe yana kallon wuri ɗaya. "Ya zo har baki ya leƙa ta. Sannan ya gudu."

A saman katanga akwai shatin tafin hannu a cikin ƙanƙarar, guda ɗaya, inda mutumin ya dafa ya hau, da wani inda ya dafa ya sauka. Gadsby ya ɗaga hannunsa na hagu ya gwada kusa da shi, ya yi ɗan tari.

Sajan ya juyo gare ni. "Mutane suna ambaton ɗanka. Ina yake jiya da magariba?"

"Yana gida, Yallaɓai. Tare muke tun kafin a kunna fitilun titi."

Gadsby ya ɗago ya dube ni, ya mai da kansa ƙasa.

*

Mun fara da Mista Blewitt, mai rubuta labarin, domin an ji shi yana rantsuwa zai ga bayan Dorcas. Muka same shi a ɗakinsa a saman mashaya, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe ta da tsumma an ɗora a kan kujera, yana rubutu yana kurɓa.

"Na faɗa, kuma ban janye ba," ya ce. "Matar nan da labarina take ƙunshe dankali. Na sayi dankali, na buɗe, sai ga wurin da ya fi ba ni wahala ya jiƙe da mai. Kai da kai ne ba za ka yi zagi ba?"

"Ka iya hawa katanga?" in ji Gadsby.

"Tsoho, ni gado ma sai an ɗaga ni. Dubi ƙafar nan. In na kashe mutum, a takarda nake kashe shi, kuma a hankali, don layi-layi ake biyana. Akwai wata baiwar Allah da na yi wata guda ina shaƙe ta."

"Ban iya karatu sosai ba," in ji Gadsby. "Wane hannu aka sare wa mutumin naka?"

"Hagu. Da dama yake shaƙa. Tambayi kowane yaro a titi, har wanda ba a yaye ba."

Daga nan muka hau wurin Abel Mudge, mai sassaƙa hoton labarin a kan katako. Abel aminina ne tun muna samari, Reuben Kawu yake ce masa. Ɗakinsa can ƙarƙashin rufi yake, teburi a jikin taga, da tulun gilashi cike da ruwa wanda ke tara masa haske a kan aiki. Idanunsa sun yi ja suna tsiyaya. Sun daɗe da fara cin amanarsa, kowa ya sani, ba mai faɗa.

"Jiya da magariba ina nan, ina zan je?" ya ce, bai ɗago ba. "Hoton Asabar bai gama kansa ba."

"Kana bin labarin?" Gadsby ya tambaye shi.

"Ni? Allah Ya sawwaƙe. Ban taɓa karanta layi ɗaya na shirmen Blewitt ba. Ana ce mini Dungu a bakin taga, ko Dungu a kan gada, in yi, a ɗauka, shi ke nan."

Gadsby ya ɗauki wani tsohon katako baƙi ƙirin da tawada daga kan kanta, ya kai shi taga, ya karkata shi. Ya daɗe yana kallo.

"Jabez," Abel ya ce, "na ji abin da ake faɗa a kan Reuben. Kar ka saurara. Yaron nan ba zai taɓa ƙuda ba."

Ya ajiye wuƙar sassaƙa, ya juya fuskarsa wajen taga. Na ɗauka juyayi ne, don Dorcas takan aje masa dankalin da ya rage. Na ji kunya ta kama ni, ga bare ya yarda da ɗana fiye da ni.

*

Da muka sauko, an riga an kama Reuben. Yana tsaye a tsakiyar lungu, ɗan sanda riƙe da hannunsa, jama'a sun yi zobe.

"Mista Cottrell," in ji Sajan, "ka ce ɗanka yana gida jiya. Shi kuwa ya ce yana cikin jirgin kwal yana karanta wa matuƙa labarin Dungu, don ba su iya karatu ba. Jirgin ya tashi da asuba ya yi sama, ba a san ranar dawowarsa ba. Ɗayanku yana yi mini ƙarya. Sannan wani mai fito ya ga ka jefa buhu a kogi da hantsin nan. Me ke ciki?"

Reuben ya dubi ƙafafunsa, takalman coci sun ɓaci da baƙin kwal, sannan ya dube ni.

"Baba, ina takalmana?"

Matar Noakes ce ta amsa a madadina, da ƙarfi, yadda na ƙarshen lungu zai ji. Aka tafi da shi. Bai waiwayo ba.

Gadsby ya tsaya tare da ni bayan an watse. Na faɗa masa komai, har farin abin da na gani.

"Ka ɗanɗana?"

"A'a."

"Ka shinshina?"

"A'a."

"Kusa da inda jiragen kwal ke tsayawa ake sauke farar ƙasar gini. Duk wanda ya bi ta can sai ya kwaso ta a takalmi, ga kwalta, ga laka mai warin kogi. Ba irinsu a bayan gidan matar nan. Da ka bar mini takalman, da yanzu ɗanka yana shan shayi a gida." Ya gyara hularsa. "Yanzu kuwa abin da Sajan yake da shi shi ne uba wanda ya ga abin da ya tsorata shi har ya ɓoye. Ko ni ne alƙali, shaidarka zan fi yarda da ita."

Washegari tun da farar safiya na same shi a bayan katangar Dorcas. Ban san me zan yi ba, na bi shi. Sawun sun ɓace a inda kekunan doki ke wucewa, sai ya bar ƙasa ya koma duba ƙusoshi da bakin ƙofofi da ƙarafan shinge. Nan zaren buhu ɗaya, can wani. Muka kewaya, muka ɓata, muka dawo baya. Hantsi ya ɗaga kafin ya tsaya a bayan tsohon gidan burodin da aka rufe, gaban wata gangar tara ruwan sama. Ƙanƙarar samanta an fasa ta, ta sake daskarewa siririya. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya jawo wani baƙin abu mai nauyi. Ya juya mini baya ya duba shi, ya cusa a jakarsa.

"Zai fid da Reuben?" na tambaya.

"Je ka kai masa abinci."

Na kai burodi da cuku ofishin 'yan sanda. Aka dawo mini da su yadda na kai.

*

Ranar Alhamis aka yi zaman binciken mutuwar a babban ɗakin saman mashaya, kamar yadda aka saba. Alƙalin binciken ya zauna a bakin murhu da masu taya shi, jama'a suka cika har matakala. An ɗauko Blewitt a kujera. Abel ya raɓe a jikin bango. Reuben yana tsakanin 'yan sanda biyu, bai duba inda nake ba.

Matar Noakes ta ba da shaida, mai fito ya ba da tasa. Ni ma aka tashe ni na faɗi abin da na yi da bakina, a gaban ɗana. Da na zauna, na ji ana cewa ai magana ta ƙare.

Gadsby ya nemi izini.

"Ranka ya daɗe, ni ban san mutumin nan Dungu ba. Ina roƙo duk namijin da ke ɗakin nan ya miƙe ya nuna mini yadda yake tsayawa. A ɓoye hannun da ba shi da shi."

Aka yi 'yar dariya. Alƙali ya ɓata rai, amma ya ɗaga yatsa. Maza suka miƙe, kowa ya maida hannun hagu baya. Mahauci ya yi, mai mashaya ya yi, Blewitt daga zaune ya yi har da karkata wuya. Reuben ya yi. Ni ma na yi, ban san na yi ba.

"Abel," wani ya ce daga baya, "ka juya, ba wannan ba ne."

Kowa ya waiwaya. Abel Mudge yana tsaye a jikin bango, hannun damansa a bayansa.

Gadsby ya buɗe jaka ya shimfiɗa kwat ɗin a kan teburi, tana ɗiga ruwa. Hannun dama ne aka ɗinke bakinsa, aka cusa masa ɗan tsumma don ya yi reto.

"Wanda ya hau katangar matar nan da hagu ya dafa, hawa da sauka, don damansa yana cikin riga. Duk mai karanta labarin nan ba zai yi wannan kuskuren ba, kun gani da idonku." Ya ciro tsohon katakon nan daga aljihu, ya ajiye kusa da takardar da aka buga da shi. "Abin da ke dama a katako, hagu yake fita a takarda. Dungun da kuka sani ba shi da hagu. Akwai mutum ɗaya da bai taɓa zama da shi ba sai a kan katako."

Abel ya sauke hannunsa a hankali ya dube shi kamar na wani.

"Da sun datse labarin," ya ce. "Wa zai ba mai irin idona sabon aiki? Dungu kaɗai nake iya yi ba sai na gani da kyau ba, hannuna ya san shi. Na ce in mutane suka yi ta maganarsa za a bar shi. Dorcas mai dariya ce, na ɗauka za ta jefe ni da dankali ta ba kowa labari."

"Ka leƙa ta," in ji Gadsby.

"Na leƙa. Tana nishi. Na ce in cire kayan nan tukuna in dawo da mutane." Ya goge idonsa da bayan hannu. "Na cire. Ban dawo ba."

"Kawu," in ji Reuben.

"Da abin ya kai ga igiyar rataya zan yi magana, yaro. Wallahi da zan yi."

Da za a fita da shi ya bi ta gabana, ya tsaya. Na so in tsine masa. Sai na tuna shi ne ya ce mini ɗana ba zai taɓa ƙuda ba, kuma ya faɗa ne don ya sani, ni kuwa da na goya yaron a kafaɗa ban sani ba. Na matsa masa ya wuce.

*

Na cim ma Reuben a bakin famfo. Mutanen da suka yi masa zobe shekaranjiya suna ta dafa kafaɗarsa. Matar Noakes har da cewa ita dama jikinta bai ba ta ba.

Na jira suka ragu.

"Reuben, don in tsare ka na yi."

"Na sani, Baba."

"Na ga farin abu, hankalina ya tashi. Ka san ba ni da kowa sai kai."

"Na sani." Ya wanke fuskarsa da ruwan sanyin, ya goge da hula. "Su waɗannan sun zarge ni, sun faɗa a gabana, na ba su amsa. Bakin kogi ba nisa, Baba. Ka je har can da buhu. Da ka ƙara 'yar tafiya kaɗan da ka same ni ina sauke kwal, ka tambaye ni."

Muka taka zuwa gida, yana gaba ina baya.

Bai bar gida ba, ni da nake tsoron zai bi jirgin kwal. Yana gaishe ni da safe, yana cin abin da na dafa, in na yi tari da dare yakan sauko ya ƙara wa murhu kwal. Ranar Asabar da ta biyo ya dawo daga aiki da ƙaramin kwaɗo sabo, ya sa wa ƙofar ɗakinsa. Bai ɓoye mini ba, ni ma na riƙe masa fitila yana buga ƙusa. Kullum da safe ina ƙasa ina jera jaridu, sai in ji ya ja ƙofa, in ji ƙarar kwaɗon, in ji ya ɗan girgiza shi ya tabbata ya kama, sannan ya sauko ya ce, "Ina kwana, Baba."